Tsakanin Lallaɓawa da Garambawul

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Rogo zuwa Kano, ko ya bi motar kasuwar Makarfi ko Danja, ya san abin da direba kan ce wa bakanike idan mota ta mutu da lodi a kanta: "Oga, ɗan lallaɓa mana ita ta kai mu." Ba ya cewa a gyara. Ya san gyara na cin wuni biyu, shi kuwa kwandunan tumatir ne a bayansa, rana na dukansu, dillali na jira a 'Yankaba. Sai oga ya yanko roba daga tsohon tif ya ɗaure tiyon da ke yoyo, ya toshe hudar tanki da sabulu, ya kankare bakin fulogi, ya ce yara su tura. Da ta tashi an gama. Kowa ya san ciwon yana nan, an dai roƙe shi ya dakata zuwa gobe.

Majinyaci ake lallaɓawa, da tsoho, da wanda ransa ya ɓaci. Bahaushe ya ɗauko kalmar ya ba mota, kuma bai tsaya nan ba: motarsa tana tari, tana shan mai, tana cin taya, takan ƙi tashi da safe, takan mutu a tsakiyar hanya ta sake farfaɗowa. A gareji kuwa aikin hawa-hawa ne. Faci rami ɗaya yake rufewa. Kwaskwarima ta fenti ce da goge-goge, an fi yin ta idan za a kai mota gaban mai saye. Sai gyara, wanda ke neman asalin ciwo. Can ƙololuwa kuma garambawul, inda za a sauke inji ƙasa a warware shi noti bayan noti, a wanke, a auna, a sauya ringi da gasket, a sake ɗaurewa. 'Yan jarida sun ari wannan kalma sun kai ta gidan gwamnati, har yaron yanzu zai iya zaton majalisar kwamishinoni kaɗai ake yi wa garambawul.

A ganina waɗannan kalmomi ba gwanintar bakanike suke aunawa ba, domin hannun da ya yi facin shi ne zai sauke injin. Abin da suke aunawa shi ne kwana nawa mai mota zai iya jurewa motarsa na tsaye ba ta kawo ko kwabo ba. A ƙasar Rogo, inda mota ke kwaso rake da mazarƙwaila da masara daga su Zarewa da Fulatan da Beli da Ruwan Bago, haƙurin nan gajere ne ƙwarai. Cefanen gida yana jikin tayarta. Shi ya sa mota kan yi shekaru ana lallaɓa ta, ana cewa sai bayan kaka za a zauna a yi mata aiki, kaka ta zo ta zama lokacin da aka fi buƙatarta a hanya.

Sai ga shekarar 2020. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Ranar 16 ga wata da ƙarfe goma na dare dokar kulle ta Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ta fara aiki, ta mako guda. Ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗora mako biyu daga Abuja, aka yi ta ƙari har farkon watan Yuli. Azumi ya kama a ciki, tsakiyar bazara, birni kuma ya cika da labarin jana'izar dattawa da manyan malamai. A ƙauye ba a iya kulle manomi, don sharar gona ba ta jiran sanarwar rediyo. Hanya aka kulle. Aka kafa shingaye, tasha ta watse, 'yan kamasho suka koma gida, motocin fasinja suka jeru a gindin darbejiya suna shan ƙura. Abin dariya, a watan Maris na shekarar ne gwamnati ta sauko da litar fetur daga naira 145 zuwa 125. Mai ya yi araha daidai lokacin da babu inda za a je.

A Ingila, inda nasu kullen ya fara ranar 23 ga Maris, wannan zaman ya haifar da wani abu. Akwai masu ajiye tsofaffin motocin gudu, 'yan ƙanana masu ƙofa biyu da kujera biyu, irin su MG B da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, da Triumph Spitfire, da Mazda MX-5 da ta fito a 1989. Ba don haya suke ajiye su ba, ba kuma don zuwa ofis ba. Da aka rufe ofisoshi, aka soke bajekolin motoci na Janiba, sai suka shige garejin gida suka buɗe bonet. Littafin Haynes yana gefe, wanda ke nuna yadda ake warware kowace mota hoto bayan hoto. Kayan gyara kuma ta intanet ake saye, ɗan aike ya ajiye a bakin ƙofa. Tun 1988 ma akwai kamfanin da ke buga sabon gangar jikin MG B sukutum, da ainihin injinan da aka buga na farko. Mutum zai iya shafe wata guda yana gyaran abin da bai lalace ba, kuma babu mai tambayarsa dalili.

Hanyar Rogo ba ta motar da cikinta ke shafar ƙasa ba ce. Amma kada mai karatu ya ɗauka ba mu da tsohuwar motar tsere. Muna da ita, mun dai saba ganinta ɗauke da buhuna har muka manta asalinta. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu na dubban kilomita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin sa da ƙanwarta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Yayarta 404 kuwa sau huɗu ta ci a shekarun 1960. A 1975 ɗin nan ne kuma masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa mota, kuma bayan kisan Janar Murtala a 1976 gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya sa ta ci tsere shi ne abin da ya sa ta ci hanyoyinmu. Cikinta a ɗage yake, ƙafafunta suna da dogon numfashi a kan gargada, tayoyin baya ke tura ta, injinta kuma mai silinda huɗu ne da ba ya ɓoye komai. Direban da ya taɓa kwasar fasinja bakwai a wagon daga Kano zuwa Legas cikin dare bai san sunan Andersson ba, amma aikin da ya yi bai yi nisa da nasa ba.

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon direban irin wannan wagon, da ya ajiye wata 504 a ƙofar gida, tana fita ranar kasuwa kawai. Makon farko na kulle bai taɓa ta ba. A mako na biyu ta ƙi tashi, kamar yadda duk motar da aka bari kan yi: batir ya sauka, fetur ya kwana a kabireta ya zama danƙo, ɓeraye sun fara ɗanɗana waya. A da, da sai a kira matasa su tura. Wannan karon ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tsohon faranti da ɗan fetur a gwangwani. Makarantu a rufe suke tun Maris, don haka yara suka kewaye shi. Ya cire kabireta ya warware ta, ya jera kowane ɗan ƙarfe a kan tsumma bisa tsarin da ya fito, ya hura kowace ƙaramar huda da baki yana ɗaga ta sama ya ga ko haske zai wuce. Da azumi a bakinsa, don haka bayan hantsi yakan rufe da buhu sai la'asar. Ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya saita tazararsa. Da ta tashi, wani jikansa ya ce, "Baba, ai ta tashi, a rufe bonet." Ya ce, "Tashi daban, lafiya daban. Yi shiru ka ji." Ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara marikin a kunne, yana juya distirbuta kaɗan-kaɗan har sulo ya daidaita, ƙarar ta daina ɗingishi.

Wani abokinsa da ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Alhaji, ina za ka da ita kake wannan wahala?" Ya ce, "Babu ko'ina, Malam." Suka yi dariya su biyu. Ni kuwa amsar ta tsaya mini, domin a shekarun da ya yi yana tuƙi, ina jin wannan ne karo na farko da ya buɗe bonet ba fasinja na jiransa, ba mai kaya na ƙorafi, ba rana na faɗuwa a dajin da ba a son kwana. Abin da Baturen can yake yi a garejinsa ke nan, kuma ba na jin daɗin da ya ji ya fi na wannan dattijo.

Sai dai kamar ta tsaya a nan. Da ya sauke kan inji ya ga ringi sun cinye, gasket ya ƙone gefe guda, sai aikin ya ci karo da bango. Kayan gyaran suna Ƙofar Ruwa da titin Faransa a Sabon Gari, ko Panteka ta Kaduna, ita kuma tana bayan iyakar jiha. A farkon Mayu an sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa huɗu, amma an yi haka ne don sayen abinci, kuma wanda zai taso daga Rogo ya ratsa shingaye ya dawo cikin awa shida sai ya shirya. Ko da an buɗe shagunan ma, da me za a saya? Motar da ke kawo kuɗin ita ce a kwance. Ƙarshenta dattijon ya yanka ƙananan gasket daga kwali, ya wanke tsofaffin ringi ya mayar, ya nemo wani tiyo daga gawar wata Fijo da ke bayan garejin tasha. Garambawul ya nufa, ya ƙare da lallaɓawa, sai dai wannan karon an yi ta a tsanake.

Kullum haka lissafin yake fita a wajenmu. Ran da mota ke kawo kuɗi babu lokacin tsayar da ita, ran da aka samu lokaci babu kuɗin. A lokacin kullen, mai MG a Ingila albashinsa na shiga yana gida, ko gwamnati na biyan kaso tamanin cikin ɗari nasa, don haka lokaci da kuɗi suka haɗu a hannunsa rana ɗaya. Wanda ya ce bambancin na son inji ne ko na basira, bai taɓa tsayawa a garejin Kwakwaci ya kalli yaro ɗan shekara goma sha biyar yana gane ciwon mota daga ƙararta ba.

Amma ba talauci ne kaɗai ba, akwai namu laifin. Duba sunayen da muke ba wanda ke buɗe inji ba don a biya shi ba: taɓe-taɓe, jagwalgwalo, ƙarambani, rashin aikin yi. Babu na yabo ko ɗaya. Yaron da ya warware rediyon gida duka yake sha, ba a tambayarsa me ya gani a ciki. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar mota, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, da zanen motoci a takarda ya fara tun yana yaro. Sai da waje ya yaba muka yarda ba wasa suke yi ba. Kafin nan, duk wanda ya gan su zai ce su tashi su nemi abin yi.

Abin mamakin shi ne Bahaushe ya san ajiye abin hawa don so kawai. Wanda ya ga dawakin Karaye ranar hawan salla ya san ba noma ake yi da su ba, ba kuma haya ba. Ana ba su harawa da dusa da kanwa shekara guda, a wanke su, a fita da su kilisa da yamma, a kashe kuɗin da ya fi na mota a kan sirdi da linzami da jalala, duk don 'yan kwanaki. Babu mai kiran wannan rashin aikin yi, sunansa sarauta ko gado ko sha'awa. A shekarar kullen ma da aka soke hawan salla, ba a fasa ba doki abinci ba. Mota ce ba ta samu wannan daraja ba. Idan sabuwa ce, alama ce ta arziki. Idan ta tsufa, jaka ce. Wurin da kalmar wasa ke haɗuwa da mota ɗaya ne, wasan mota na ranar ɗaurin aure, inda matasa ke juya ta a tsakiyar titi tayoyi na hayaƙi, wani lokaci a tashi daga biki a tafi jana'iza. Mai wannan wasa ba ya son motar, sau da yawa ma ba tasa ba ce. A watan Maris na 2020, makonni kaɗan kafin kulle, an dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan shekara goma, aka kuma farfaɗo da tseren motocinsa, Jelani Aliyu yana shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa a lokacin. Sababbin motoci aka nuna. Da ni ne, da na ware layi guda na tsofaffin Fijo da masu riƙe da su.

Akwai kuma wani kullen da babu gwamnan da zai ɗage shi. Injin 504 a buɗe yake: ka ɗaga bonet ka ga ƙasa ta gefensa, kowane abu hannu na kaiwa, sifana goma da sha biyu da sha uku sun ishe ka rabin aiki. Motar yau an lulluɓe injinta da baƙar roba. Babu kabireta, babu kwantak, babu sulo da za a saita da kunne. Akwai akwatin da kanikawa ke kira birenbos, shi ke raba mai da wuta, kuma ba ya magana sai da na'ura. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake jona kwamfuta ta karanto ciwon, yawancin motocin da ke shigo mana kuma daga can suke ko daga Turai. Ba na cikin masu kukan wannan, domin motar yau ta fi ƙarancin shan mai, ta fi tashi da sanyin safiya, ta fi kare rai idan aka yi karo. Amma ta sauya maganar gareji. Da ana cewa "a gyara," yanzu "a canja" ake cewa. Inji ya buga, ba a sauke shi a warware, sai a je a sayo na Beljiyam a ɗora, don ya fi arha kuma ya fi sauri. Yaron da ya shiga koyon kanikanci bana zai iya samun 'yancinsa bai taɓa ganin cikin silinda sau biyar ba. Garambawul na ƙara yawa a labaran ƙarfe bakwai, yana raguwa a inda aka haife shi.

Da aka buɗe hanya a watan Yuli, damina ta riga ta kankama, taki da iri na jiran a kai ƙauyuka. Motocin gindin darbejiya suka koma tasha, waɗanda aka warware aka ɗaure su cikin gaggawa, wasu da ragowar noti a aljihun oga. Fijon dattijon ta yi ta zuwa kasuwa har cire tallafin mai na watan Mayun 2023 ya sa ciyar da injinta ya gagara, tunda Golf da Sharon da ƙananan bas sun daɗe da karɓe layin.

Marsandin da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kuma ta cancanta. Ita 504 da ta kai mata asibiti, ta kai amare, ta kai gawa, ta kai malamai makarantun ƙauye shekara talatin, ba gidan tarihi take zuwa ba. 'Yan gwangwan ke zagayowa su taya ta da kilo. Kafin su iso, mai amalanken shanu ya riga ya sayi ƙafar baya ta fakaf da tayoyinta, maƙeri ya ɗauke sifirin zai fitar da gatari da wuƙa da fartanya, mai faci ya karɓi tif ya yanka guga, kujerar gaba kuma tana shagon mai aski. Sauran ƙarfen a loda shi a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ya dawo Ƙofar Ruwa a matsayin rodin gini.